Nawa ne kuɗin belin wanda ya ji wa mutum rauni a Saudiyya?

Tambaya daga wani ɗan'uwa mazaunin Jidda: "Assalamu alaikum. Ƙanena ya yi faɗa da abokin aikinsa a garejin gyaran mota, ya buga masa ƙarfe a hannu har ƙashi ya karye. Yau kwana huɗu yana tsare. Wani ya ce mu haɗa riyal dubu 20 a yi belinsa. Ina kuma gani a labarai cewa a Amurka alƙali kan yanka wa wanda ake zargi da kisa ma belin dala miliyan. Yaya ake ƙayyade wannan kuɗi? Kuma adalci ne mai kuɗi ya koma gida, talaka ya kwana a ciki?"

Wa alaikumus salam. Allah Ya ba wanda aka karya lafiya, Ya kawo wa ƙanenka mafita.

Ɗan'uwa, riyal dubu 20 ɗin nan ku riƙe su a hannu tukuna. Ka koma wurin wanda ya ba da shawarar ka yi masa tambaya biyu: wa za a miƙa wa kuɗin, kuma wace takarda za a ba ku a madadinsu? Idan ya fara kame-kame yana cewa akwai wani da ya san wani, ka ja da baya. A Saudiyya babu wani jadawali da ya ce karya hannu belinsa kaza, fasa kai belinsa kaza. Kuɗin da za a damƙa wa ma'aikaci a ɓoye don ya saki mutum sunansa rashawa, mai bayarwa da mai karɓa hukuncinsu ɗaya, kuma yana iya kai wa ɗaurin shekara 10. Garin neman gira kada a rasa ido, a wayi gari mutum biyu ne a tsare daga gida ɗaya.

Ga yadda abin yake tafiya bisa dokar bin matakan shari'ar laifuka ta shekarar 1435 Hijira, wato 2013. 'Yan sanda idan sun kama mutum suna jin ta bakinsa, su miƙa shi ga mai binciken Niyaba cikin awa 24. Niyaba ita ce ofishin masu gabatar da ƙara na gwamnati, kuma makullin fita yana hannunta, ba hannun askar, wato ɗan sandan da ke bakin ƙofa, ba. Mai binciken zai yi masa tambayoyi cikin wata awa 24, sannan ya sake shi ko ya ba da umarnin tsarewa. Umarnin farko ba ya wuce kwana 5 daga ranar kamu. Idan ana son ƙari, shugaban reshen Niyaba na yankin zai iya tsawaitawa har jimilla ta kai kwana 40. Bayan nan sai an ɗaga maganar sama, ana ƙarawa a hankali, kowane ƙari bai wuce kwana 30 ba, har iyakar kwana 180. Daga nan dole a kai shi kotu ko a sake shi, sai fa idan kotu ce da kanta ta amince da ƙarin lokaci. Tunda ka ce yau kwana huɗu, to kwana biyar ɗin farko sun kusa cika, gobe ko jibi za ku ji ko an tsawaita. Wanda aka tsare yana da damar kai koke a kan umarnin tsarewar ko na tsawaitawar, kuma doka ta ce a ba da amsa cikin kwana 5. Mutanenmu da yawa ba su san da wannan ƙofa ba.

Abin da zai yanke makomar ƙanenka a wannan mataki shi ne ajin da aka sa laifinsa. Akwai jerin da ake kira manyan laifukan da ke wajabta tsarewa, wanda babban mai gabatar da ƙara ya sabunta a farkon shekarar 1442, wato 2020. A ciki akwai kisan ganganci da mai kama da ganganci, laifukan haddi masu hukuncin kisa ko yanke hannu, zare bindiga don kai hari ko razana mutum, kutsawa gidan wani da nufin cutar da shi, dukan jami'in tsaro yana bakin aiki, da dukan uwa ko uba. Wanda hujja ta yi ƙarfi a kansa a ɗaya daga cikinsu, mai bincike ba zai sake shi ba ko da an jibge masa buhun riyal. Sai ga wanda ya shafe ku kai tsaye: duk wanda da gangan ya ji wa wani raunin da ya kai ga rasa gaɓa, ko nakasar da amfaninta, ko raunin da jinyarsa ta haura kwana 21, ya shiga jerin, sai idan mai haƙƙi ya yafe.

Ka lura da abu biyu a wannan jimla. Na farko kwana 21. Ba ku za ku ƙirga ba, ba kuma wanda aka ji wa ciwon ba. Rahoton asibiti ne, inda likita yake rubuta tsawon lokacin da yake ganin raunin zai ɗauka kafin ya warke. Ƙujewa da kumburi galibi kwanaki kaɗan ake rubuta musu. Karayar ƙashin hannu kuwa ga babban mutum takan ɗauki mako shida zuwa sama, don haka gaskiya mai ɗaci ita ce, in dai hoton ƙashi ya tabbatar da karayar, da wuya rahoton ya tsaya ƙasa da kwana 21. Ku sa lauya ya duba rahoton da idonsa, ya ga na farko ne ko na ƙarshe, domin na farkon da aka rubuta a ɗakin gaggawa yakan canza bayan likitan ƙashi ya duba, wani lokaci ya ragu, wani lokaci ya ƙaru.

Na biyu shi ne "sai idan mai haƙƙi ya yafe". Larabawa suna ce masa tanazul, kuma a irin shari'arku shi ne ƙofar da ta fi kowace kusa. A nan ne mutane suka fi ɓata rawarsu da tsalle. Wasu sukan kwashi samari su nufi gidan wanda aka karya, ana roƙo ana haɗawa da gatse, har wani ya ce ai kowa ya san inda kowa yake kwana. Wannan kalma ɗaya idan ta kai kunnen mai bincike ta zama barazana ga mai ƙara, ta zama sabon dalilin ci gaba da tsarewa. Dattawa ake turawa, da limamin da shi majinyacin yake jin nauyi, a fara da gaishe shi da jiki da ɗaukar nauyin magani, ba a buɗe baki da maganar yafiya a zuwan farko. Idan an daidaita, a rubuta komai: yafiya ce don Allah, ko a kan wani adadi ne, kuma adadin ya haɗa da kuɗin jinya da asarar kwanakin aiki ko bai haɗa ba. Mai haƙƙin da kansa, ko wakilinsa mai takardar wakilci, zai je a tabbatar da yafiyar a gaban hukumar da shari'ar take hannunta. Takardar da aka rubuta a shago ko a zaure, ko saƙon murya na WhatsApp yana cewa na yafe, ba su isa su buɗe ƙofar kurkuku ba. Kada a biya kuɗi yau a kan alkawarin za a je sa hannu mako mai zuwa. Biya da sa hannu su zo a zama ɗaya, da shaidu.

Sai dai yafiyar tana kashe haƙƙin mutum ne kawai. Haƙƙin hukuma yana nan, Niyaba tana iya kai shi kotu, alƙali ya yi masa ladabtarwa gwargwadon abin da ya gani. Amfaninta shi ne ta fitar da laifin daga jerin masu wajabta tsarewa, ta kuma sassauta hukunci.

Idan laifin ya fita daga jerin, sai a zo kan abin da muke kira beli. Doka ta ba mai bincike damar sakin mutum a kowane lokaci idan ya ga babu dalilin riƙe shi, fitarsa ba za ta ɓata bincike ba, ba a kuma tsoron ya gudu, bisa sharaɗin ya yi alkawarin zuwa duk lokacin da aka neme shi, ya kuma ba da adireshin da mai binciken ya yarda da shi. A aikace akan nemi kafala, wato wani ya tsaya masa. Kada ka rikita wannan da kafilin igama, wato ubangidan da takardar zaman baƙo a ƙasar take ƙarƙashin sunansa, ko da yake sau da yawa shi ɗin ake fara nema. Kafala iri biyu ce. Akwai ta halarta, inda mai tsayawar ya ɗauki alkawarin kawo mutumin idan an buƙace shi. Akwai ta biya, inda ya ɗauki nauyin abin da za a yanke wa mutumin na kuɗi idan shi bai biya ba. Wani lokaci takarda ɗaya takan haɗa duka biyun, mutum ya dangwala yatsa yana zaton ta halarta ce kaɗai, sai bayan wata shida a zo masa da lissafin diyyar rauni. Duk wanda zai tsaya wa ƙanenka a karanta masa takardar kalma bayan kalma. Wanda ya yi karatun Risala a zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin ƙa'idar da hadisi ya kafa ita ce mai lamuni shi ke biya, malaman Malikiyya kuma sun ce wanda ya yi lamunin kawo mutum, ya kasa kawo shi, bashin ya hau kansa, sai idan tun farko ya sharɗanta ba zai biya ba. Mafi yawan malamai kuma ba su yarda da lamunin jiki a haddi da ƙisasi ba, don ba a yi wa wani ƙisasi a madadin wani. Tushen rufe ƙofar beli a manyan laifuka ke nan, tun kafin a san wani abu wai shi dokar zamani.

Wata magana da ba a son faɗa amma dole a faɗa: idan igamarsa ta mutu, ko bai da ita sam, sakinsa daga wannan shari'a ba ya nufin komawa gida. Ana iya wucewa da shi tarhil a Shumaisi, inda ake tsare baƙin da za a mayar ƙasashensu. Ku duba takardunsa tun yau, kada murna ta koma ciki.

Yanzu ga Amurka da dala miliyan ɗinta. Tsarin mulkinsu, a gyara na takwas na shekarar 1791, ya ce kada a yanka belin da ya wuce kima. A 1951 kotun ƙolinsu ta fassara wannan da cewa beli ya wuce kima idan ya haura abin da zai sa mutum ya dawo kotu. Ka ga asalin kuɗin jingina ce, mutum ya ajiye, ya halarci shari'a, a mayar masa da abinsa. Yadda ake fitar da adadin ya bambanta daga jiha zuwa jiha. Wurare da dama suna da jadawali, kowane laifi da farashinsa. Alƙali yana iya ɗagawa ko ragewa bayan ya duba girman laifin, ko an yi amfani da makami, tarihin mutumin, ko ya taɓa ƙin zuwa kotu, ko yana da aiki da iyali a garin. Zaman yakan ƙare cikin 'yan mintoci. Wanda ba shi da kuɗin sai ya nufi dillalan beli, 'yan kasuwa masu tsaya wa mutum a kan lada, galibi kashi 10 cikin 100. Idan beli dala 50,000 ne, ka ba dillali 5,000, kuma sun tafi ke nan ko da washegari an janye ƙarar. Mai hali ya ajiye 50,000 ɗinsa ya karɓe su cif bayan shari'a, marar hali ya yi asarar 5,000, wanda bai da ko 5,000 ɗin ya zauna a ciki. Laifi ɗaya, sakamako uku. Wannan sana'a ta dillancin beli Amurka da Filifin ne kawai aka sani da ita a duniya.

Ka tambaya ko adalci ne. A ganina ba adalci ba ne, kuma a laifin zubar da jini ma ya fi zama marar ma'ana. Alƙali tambaya biyu ce a gabansa: mutumin nan zai gudu? Kuma zai cutar da wani idan ya fita? Kuɗi suna iya taimakawa a ta farko, don mutum ba ya son asarar jinginarsa. A ta biyu ba su da abin cewa. Mutumin da ya rantse sai ya ga bayan tsohuwar matarsa, dala dubu da ya ajiye a kotu ba za ta sanyaya masa zuciya ba.

Misali biyu da aka yi ta magana a kansu sun nuna ɓarnar ta kowane gefe. Kalief Browder yaro ne ɗan shekara 16 da aka kama a New York a 2010 bisa zargin satar jakar goyo. Aka yanka masa dala 3,000, iyalinsa suka kasa biya, daga baya ma aka rufe ƙofar belin. Ya yi kusan shekara uku a kurkukun Rikers ba a yanke masa hukunci ba, aka janye ƙarar a 2013, ya kashe kansa a 2015. A ɗaya gefen ga Darrell Brooks a jihar Wisconsin, wanda aka zarga da take uwar 'yarsa da mota, ya fita a kan dala 1,000. Kwanaki kaɗan bayan haka, ranar 21 ga Nuwamba 2021, ya kutsa da mota cikin jerin gwanon Kirsimeti a garin Waukesha, mutum shida suka mutu. Da yawa suka ce ai kuɗin ne aka sa kaɗan. To da an sa dala 100,000 kuma yana da ɗan'uwa mai hali fa? Da ya fita duk da haka, motar kuma tana nan. Haka nan belin dala miliyan biyar da kake ji a labarai, galibi alƙali ne yake son tsare mutum bai fito ya faɗa ba, sai ya faɗi adadin da ya san ba za a iya ba. Dabarar tana aiki a kan talaka, ba ta aiki a kan dillalin ƙwaya.

Shi ya sa wasu wurare suka raba tambayoyin biyu. Dokar tarayyar Amurka ta 1984 ta ba alƙali damar tsare mutum kai tsaye saboda haɗarinsa ga jama'a, bayan zama na musamman da lauya da hujja, kotun ƙoli kuma ta tabbatar da ita a 1987. Birnin Washington ya daɗe da hana a sa wa mutum sharaɗin kuɗin da zai zama sanadin zamansa a tsare. New Jersey ta kusan kawar da belin kuɗi daga Janairun 2017, Illinois kuma ta soke shi baki ɗaya a Satumban 2023, ita ce jiha ta farko da ta yi haka. A irin wannan tsari mai gabatar da ƙara ne zai tashi ya kawo dalilin da ya sa wane haɗari ne, alƙali ya rubuta dalilinsa, a kuma iya ɗaukaka ƙara. Shi ma yana da nasa ciwon: ana tsare mutum a kan abin da ake tsoron zai yi, alhali ba a tabbatar da wanda ake zarginsa da shi ba. Idan shari'a ba ta da sauri, wannan ma zalunci ne mai lasisi.

Ta fuskar nan tsarin Saudiyya ya fi kusa da wannan tsari da ba ya dogara da kuɗi, tunda nau'in laifi da ƙarfin hujja yake dubawa. Amma kada mu ruɗi kanmu cewa talaka da mai kuɗi sun zama ɗaya. Kuɗin da aka kora ta ƙofa sukan dawo ta taga. Mutum biyu sun karya hannu iri ɗaya, ɗaya danginsa sun iya biyan abin da majinyaci ya nema an yi sulhu cikin mako, ɗayan kuwa iyalinsa suna ta yawo da kokon bara a unguwa. Bambancin dai shi ne a nan kuɗin suna shiga hannun wanda aka cuta, ba aljihun dillali ba, kuma wannan ba ƙaramin bambanci ba ne. Sai kuma maganar mai tsayawa: galibi an fi karɓar ɗan ƙasa mai tsayayyen aiki da adireshi, baƙon da bai san kowa ba sai 'yan'uwansa leburori yana iya kwana a ciki a kan laifin da ɗan gari zai fita da la'asar. Wanda ya san Najeriya ya san irin wannan, inda aka manna takarda a caji ofis cewa beli kyauta ne, a kotu kuma a ce sai ka kawo babban ma'aikacin gwamnati mai fili a Abuja. Ba a ambaci ko kwabo ba, amma an rufe wa talaka ƙofa. A Sudan kuwa dokar bin matakan shari'ar laifuka ta 1991 ta fito fili: laifin da ke jawo diyya ko biyan asara, idan akwai hujjar farko mai ƙarfi, ba a sakin mutum sai an ajiye kwatankwacin abin da kotu za ta iya yankewa, ko takardar inshora, ko jinginar kadara. Wato can adadin yana bin girman ɓarnar da aka yi, don kare haƙƙin wanda aka cuta.

Mu dawo kan riyal dubu 20. Wani kaso ya tafi ga lauya mai lasisi, wanda za ku yi yarjejeniya da shi a rubuce, domin doka ta ba wanda ake tuhuma damar samun lauya tun a matakin bincike. Sauran a tanade su don jinyar wanda aka karya da abin da sulhu zai ci. Ku aika wa ƙanenka kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a takardar da bai fahimta ba. Idan Larabcinsa na kasuwa ne, ya nemi tafinta, don kalmar da ta bambanta "na buge shi da gangan" da "ƙarfen ya same shi muna kokawa" tana iya sauya ajin laifin gaba ɗaya. Idan gareji yana da kyamara, a nemi a adana hoton ranar tun kafin na'urar ta goge shi da kanta. Idan shi ma an ji masa ciwo a faɗan, a tabbatar an kai shi asibiti an rubuta. Ku sanar da ƙaramin ofishin jakadancin ƙasarku da ke Jidda, ba za su fitar da shi ba, amma suna da damar ziyartarsa.

In Allah Ya sa an sake shi, ku gaya masa sakin na wucin gadi ne. Doka ta ba mai bincike damar sake kama shi idan hujja ta ƙaru ko ya saɓa sharaɗi, bayan an miƙa takardun kotu kuma alƙali ne ke da ikon saki da tsarewa. Kada ya canza lambar waya, don ta nan saƙon ranar zama yake zuwa. Kada ya bar adireshin da ya bayar ba tare da sanarwa ba, kada ya yanki tikitin tafiya gida kafin a duba ko an sa masa takunkumin fita, kuma har a gama shari'ar, mai gareji ya raba musu wurin aiki da wanda ya karya.